Sunan da Na Sa Inna Dije Ta Faɗa

Duk wanda ya kalli bidiyon nan na Inna Dije a baibai ya fahimce shi, har da ku da aka ɗauka aiki watan jiya, aka kunna muku shi a ofis aka ce ku koyi aiki wurin Nafisa. Ni ce Nafisar, kuma ina gaya muku kada ku koya. Mutane suna cewa baƙin ciki ne ya ɗaure wa tsohuwar harshe har ta yi tsaye gaban jama'a ta kasa cewa uffan, wai ni kuma na lallashe ta da hikima har ta buɗe baki. Ba baƙin ciki ba ne ya hana ta magana, kuma ni ba lallashi na yi ba. Ranar nan ta ƙi barin kaina, don haka gara in rubuta muku yadda aka yi tun daga farko, ku karanta, ku huta da yabona.

Bari in fara da aikin kansa, saboda wanda zai karanta bai san mu ba. Ƙungiyarmu ƙarama ce, ta mata masu neman a kawo ƙarshen zubar da jini a yankin nan. Ofishinmu ɗaki biyu ne a Talata Mafara, muna zagaya Mafara da Bakura da Maradun. Na shiga bayan na gama sakandare, a matsayin ma'aikaciyar fita, wato wadda ake aikawa gida gida da fom da waya. Babu wanda yake ƙasa da ni a lokacin. Sama da ni akwai shugabar masu fita, sama da ita kuma Hajiya Luba, wadda ta kafa ƙungiyar.

Kowace shekara a tsakiyar Janairu ana bikin tunawa da sojojin da suka rasu a bakin aiki. Kun san yadda ake yi: manya su ajiye furanni, a busa begila, a saki tantabaru, kowa ya shiga motarsa. Shekara biyu da suka wuce Hajiya ta ce wannan bai ishe ta ba, domin yaran ƙauyukanmu da suka shiga soja suka mutu a dazukan nan, babu mai kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mu yi namu taron washegari, kuma kada wani mai babbar riga ya karanto sunaye daga takarda. Kowane suna a ji shi daga bakin mutanen gidan. Abin da take cewa kullum shi ne, wanda ya ji muryar gida ta kira sunan mamaci a lasifika, da wuya ya koma ya ce a ci gaba da yaƙi.

Tsarin aikin abu uku ne. Ki cika fom: suna, muƙami, lambar soja, da inda ya rasu in dangin sun sani. Ki ɗauki hoton hotonsa da waya. Sannan ki naɗi muryar wani yana faɗin sunan. A fom ɗin an rubuta ƙarara, wani daga cikin dangi. Ba a ce uwa ba, ba a ce uba ba.

Jerin sunayen daga hannun tsofaffin sojoji muka same shi, ta wurin Saje Mani. Saje shi ne mai igiya uku a hannun riga, kofur biyu, las kofur ɗaya. Ya yi ritaya tuntuni, yana noman rani, albasa da tumatir. Da farko ba ya ƙaunar ganinmu. Ya ce wa Hajiya, "In dai za ku ɗauko gawar yaranmu ku yi zanga-zanga da ita, ba ni ciki. Ba zagin soja, ba ɗaga kwali sai an shahwa addu'a." Hajiya ta yarda, shi ma ya yarda, ya zo ofis da takardarsa a ninke cikin hula.

Ni aka ba Maradun. Yana karanto mini sunayen, da ya zo kan ɗaya sai ya ɗora yatsa.

"Las Kofur Isiyaku Jaɓɓi. Ke 'yar boko, saurara. Wanga ɗan hwari ne, kuma sunan kakanai na wajen uba anka sa mai. Kada ki nemi uwar. Ki nemi ƙanen ubanai, Alhaji Buba, mai shanu."

"Na ji, Saje."

"Kin ji, ko kin ce kin ji?"

"Haba Saje, kunne biyu gare ni."

Irin "na ji" ɗin nan ce da ake faɗa don a sake ki ki tafi.

Mutanen gidan asalinsu wani ƙauye ne gaba da Kaya. Hare-hare ne suka taso su suka dawo cikin Maradun, suna zaune a wani gida da ba a gama gininsa ba. Uban Isiyaku ya riga ɗansa rasuwa. Na isa bayan azahar, gida na biyar ke nan a ranar, ga direba ya ce lallai mu kama hanya kafin la'asar, don babu mai son yamma ta yi masa a hanyar nan. Na yi sallama na tambayi Alhaji Buba, aka ce ya tafi kara da shanu, sai gobe ko jibi. Uwar na samu a tsakar gida tana tankaɗe. Siririya ce, doguwa, da zane a goshi. Ita ce Inna Dije.

Ta shimfiɗa mini tabarma ta shiga gaisuwa, gajiya, hanya, mutanen Mafara, iyayena, aiki. Ni ina amsawa ina duban waya. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da hoto daga cikin kwalla, a naɗe a ƙyalle. Ta miƙo mini shi a kife, fuskarta na kallon katanga. Na ɗauki hoton, na cika fom daga wata takarda da sojoji suka kawo musu. Saura murya.

"Inna, zan danna nan, ki hwaɗi sunanki da nashi, shi ke nan."

"Ni Dije."

"Shi hwa?"

"Yaron su Gwaggo."

"Sunanai na yanka nike so, Inna."

"Ai yana ga takardarki, ɗiyata. Ke kin iya karatu."

"Ba karatu na zo yi ba. Muryarki za a sa."

Ta yi ɗan murmushi, ta jawo rariyarta. "Ke ɗiyar Hausawa ce ko? Kin san ba a haka."

To, a nan nake so ku tsaya. Kada wata ta yi mini uzuri ta ce ban sani ba. Na sani sarai. Innata da ta haife ni, har yau ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, "wancan" take ce masa. Ran da ya faɗi da babur, ƙanwarta ta aika asibiti, ita kuma ta shige madafa ta rufo ƙofa, muna jin ta. Na tashi a cikin wannan kunya ta ɗan fari, na san ba rashin so ba ce. Na kuma san cewa sunan suruki ya fi ma wannan nauyi, mace ba ta ɗaukarsa a baki ko a bayan idonsa, ko bayan ransa. Inna Dije abu biyu ne suka haɗe mata a suna ɗaya.

Abin da na ce mata shi ne, "Inna, zamani ya wuce wannan." Direba yana ta danna oda a waje. Na naɗe fom na fita ko sallamar kirki ban yi ba.

A ofis, gurbin murya na rubuta: uwar za ta faɗa da bakinta ranar taro. Hajiya ta gani ta ce madalla, hakan ma ya fi. Kwana goma suka rage. Lambar wayar Alhaji Buba tana jikin fom ɗin, da hannuna na rubuta ta. Kira ɗaya ya isa in naɗi muryarsa. Ban kira ba.

Ranar taro muka kafa rumfa biyu a filin wata firamare a Mafara, ta maza da ta mata. Tsofaffin sojoji suka zo da hulunansu da suka koɗe, wasu da lambobi a ƙirji, ɗaya da sanda. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Saje Mani ya ƙame ya sara, sauran suka tashi suka sara tare da shi, har mai sandar. Sannan aka fara. A ɗaga hoto, a kunna murya. Wani uba daga Bakura ya faɗi sunan ɗansa ya ƙara da "Allah shi jiƙan ka." Wata matar aure ta faɗi na mijinta da sauri kamar ana korar ta. Fili ya yi tsit, ko masu sayar da rake a bakin katanga sun daina kira.

Isiyaku ne na ƙarshe, ni na tsara haka. Saura mutum uku a zo kansa na shiga rumfar mata na kamo hannun Inna Dije, na ja ta bayan rumfa. A hanya na hangi Alhaji Buba, wanda muka gaisa da shi da isowarsu, a layi na biyu na maza, da 'yan'uwansa a gefensa. Har ya ɗago mini hannu, yana tambayar ko ana bukatarsa. Na kawar da kai.

"Inna, yanzu za a kira ki. Suna kawai za ki hwaɗi."

"Ga Buba can. Shi hwaɗi."

"Ba a karɓar na Buba."

"Don mi?"

Ban ma yi tunani ba, maganar ta fito da kanta. "Doka ce daga sama. Wanda uwarshi ke da rai, in ba ita ta hwaɗi ba, ba a kiran shi. Sai a sauke hoton."

Babu wannan doka. Babu wani sama. Ni na ƙirƙire ta a tsaye a wurin.

Ta dubi rumfar maza, ta dube ni. "Ɗiyata, gaban surukkaina?"

"Inna, ɗiyan kowa an kira su. Naki kaɗai za a bari, kamar bai taɓa zuwa duniya ba. In kin yarda da haka, to."

Za ku tambaye ni dalili. Na daɗe ina gaya wa kaina wai don aikin ne, wai yawancin muryoyin da muka naɗo na maza ne, ina so a rufe da muryar uwa. Akwai wannan. Amma gaskiyar da ta fi ita ce, tsohuwar ta kayar da ni a Maradun da murmushi da rariya a hannu, ni kuma ba na son a kayar da ni.

Sauran kun gani a bidiyo. Aka ɗaga hoton, na kai ta gaban abin magana. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi tsaye. Shirun nan da kuke cewa ya sa ku kuka, ni ina gefenta ina jin yadda take numfashi. Inda kuka ga na sunkuya kamar ina ba ta haƙuri, ce mata na yi, "Jama'a na jira. In sauke?" Sai ta faɗa. Sau ɗaya, a hankali, amma lasifika ta ɗauke shi ta kai har bakin titi.

"Isiyaku."

Mata suka fashe da kuka, wasu mazan ma suna share ido da bakin riga. Abin da wayar ba ta ɗauka ba shi ne layi na biyu na rumfar maza. Alhaji Buba da 'yan'uwansa duk sun sunkuyar da kai, ɗaya daga cikinsu ya tashi ya fita. Ita kuwa ba ta koma kujerarta ba. Ta wuce kai tsaye ta shiga motar da ta kawo su, ta zauna a ciki cikin rana har aka tashi.

Daga nan aka ɗaga kwalaye, Hajiya ta yi jawabinta na a daina kashe mana 'ya'ya, aka tafa. Ta rungume ni ta ce yau na yi aikin shekara. Ana kwashe kujeru Saje Mani ya zo ya tsaya a gabana ya sara mini.

"Ranki shi daɗe, kwamanda."

"Saje, ba ni son ba'a, na gaji."

"Wace ba'a? Ni na tsuhwa ina ba da oda, ban taɓa ba tsohuwa oda ba. Ke kin hi ni."

Raina ya ɓaci. Na ce, "An kashe mata ɗa, ku kuna nan kuna zancen al'ada. Al'ada ta hi ran mutum ne?"

"An kashe mata ɗa, awo," in ji shi. "Wannan su sunka yi. Ni ina tambayar abin da ke kinka yi." Ya ɗauki kujera biyu ya wuce. Bai ma san da zancen dokar ba. Abin da idonsa ya gani kawai ya ishe shi.

Bidiyon ya zagaya wayoyi. Wata biyu bayan haka shugabar masu fita ta koma Gusau, aka ba ni kujerarta. Ni ke raba hanya yanzu, kuma in kun lura kullum Bakura nake ba kaina. Ba don ina son Bakura ba ne. Wata tara ban taka Maradun ba, sai da mai zuwa can ta haihu, ya zama dole.

Na gama abin da ya kai ni da wuri, ƙafata ta kai ni ƙofar gidan. Alhaji Buba na samu a zaure. Ya gaishe ni da mutunci, har ya sa aka kawo ruwa, wannan ya fi zagi ciwo. Na tambayi Inna. Ya ce tana ciki, ai kullum tana ciki. Na ce lafiya? Ya faɗa mini ba tare da ya ɗaga murya ba. Tun ranar ba ta sake zuwa suna ko biki ba. Sau ɗaya ta je wani suna, wata ta kunna bidiyon a tsakiyar mata, ana miƙa wa juna. A unguwa ana ce mata Inna mai lasifika. Babbar yayarsu kuwa, wadda ta goyi Isiyakun, wato Gwaggon da ake faɗa, ta daina yi mata magana, ta ce Dije ta tsaya a fili ta yi shelar sunan ubansu kamar mai tallar magani.

"Mu abin da ya ɗaure muna kai," in ji shi, "ga ni zaune. Mi ya sa ba ta ce a kira ni ba? Mun tambaye ta, ta ƙi cewa komi."

Na ajiye ruwan. Na ce bari in shiga in gaishe ta.

Ta rame. Ta shimfiɗa mini tabarmar nan, ta yi gaisuwarta duka, ba ta rage ko ɗaya ba, wannan karon kuma na amsa har ƙarshe. Ta dama mini fura. Sai da na sha ta matso kusa, ta rage murya.

"Ɗiyata, in tambaye ki. Da gaske da ban hwaɗi ba, ba a kiran shi?"

Ga dama Allah ya kawo mini har tabarma. Na dubi ƙwaryar furar, na ce, "Da gaske ne, Inna."

Ta sauke ajiyar zuciya. "To alhamdu lillahi. Ba a banza na yi ba ke nan. Su ce abin da za su ce."

Har ƙofa ta rako ni tana sa mini albarka. A mota direba ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce ya ja mu tafi.

Abin da nake so ku ɗauka daga nan ba mai yawa ba ne. In kin shiga gidan mutane da fom da waya da katin aiki a wuya, ke a wurinki ke ce dai yarinyar nan da ta gama sakandare shekaranjiya. Su a wurinsu hukuma ce ta shigo. Duk abin da kika ce doka ne, ba za su bincika ba, ba su da inda za su bincika. Kuma mutanen da muke zuwa wurinsu an riga an karɓe musu gona, an karɓe gida, an karɓe ɗa. Ɗan abin da ya rage musu, irin wannan kunyar, ba namu ba ne da za mu ɗauka don taronmu ya yi armashi. Muna yawo muna cewa a daina fin ƙarfin talaka, ni kuma na fi ƙarfin tsohuwa da abin magana a hannu.

Makon jiya Hajiya ta kira ni ta miƙo mini ambulan. Taron bana a Gusau za a yi, manya za su zo, tana so Inna Dije ta buɗe shi, ta kira sunan da bakinta kamar wancan karon. Ni za ta aika, tunda ni ce na san kanta. Na ajiye ambulan ɗin a kan teburinta na gaya mata komai, har dokar da na ƙirƙira, har ƙaryar da na maimaita a kan tabarma. Ta juya ambulan ɗin a hannunta. Sannan ta ce, "Kin san ƙofofin da bidiyon nan ya buɗe mana?" Na ce na sani. Ta ce, "In kin gaya wa tsohuwar nan gaskiya, kin raba ta da abin da take rarrashin kanta da shi. Kin yi tunanin wannan?" Na ce na yi. Ta ce in je in sake tunani.

Na sake, kuma Hajiya ba ta yi ƙarya ba, zai yi mata ciwo. Amma muddin na yi shiru, a wurin danginta ita ce matar da ta zaɓi ta tsallake ƙanin mijinta ta kira sunan surukinta a fili. Ba ita ta zaɓa ba, kuma ni kaɗai ce zan iya shaidar haka.

Ranar Alhamis zan tafi Maradun, ba da ambulan ba. Na roƙi Saje Mani ya raka ni, ya ce zai zo, amma kada in sa ran zai buɗe baki ya taimake ni. Na kira Alhaji Buba, wannan karon na kira, na ce ya tara 'yan'uwansa, kuma lallai a ɗauko Gwaggo. Zan fara shiga wurin Inna ni kaɗai in gaya mata, don kada ta ji a gaban mutane. In ta ba ni izini, sai in fito zaure in maimaita musu. In na dawo da aikina, za ku gan ni ranar Litinin. In ban dawo da shi ba, wadda aka ba Maradun a cikinku ta riƙa amsa gaisuwa har ƙarshe kafin ta ciro fom.